Godiya ga waɗanda suka kai ni Wudil suka dawo da ni

Assalamu alaikum warahmatullah. Yau kwana uku da dawowarmu, kuma sai yau na iya zama a kujera ba tare da nishi ba, shi ya sa godiyar nan ta makara. A yi mini afuwa.

Alhamdu lillahi, ranar Lahadin da ta wuce na tuƙa keke daga Kano zuwa Wudil na dawo, tare da 'yan ƙungiyarmu ta masu hawan keke. Wayata ta ƙirga mini kilomita 84. Na san a cikinmu akwai waɗanda ke yin wannan tafiyar su dawo su buɗe shago kamar ba su je ko'ina ba. Amma ni, wata biyar da suka wuce, in zan hau benen ofishinmu sai na tsaya a tsakiya na ciro waya, na yi kamar wani muhimmin saƙo nake dubawa, alhali numfashi nake nema.

Shekarata 46. Rabona da keke tun zamanin haya, lokacin da muke tara kuɗin tara mu kai wa mai haya ya ba mu 'yan mintuna, sai kuma Ralin mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, wanda ba mai taɓa shi sai ranar wanki. Likita ne ya dawo da ni kan sirdi. Ya auna jinina sau biyu, ya dube ni ya ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai na nemi abin da zai motsa jikina aƙalla minti 150 a mako. Na gwada gudu, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. A nan maƙwabcina ya shigo, kuma da shi zan fara. Yallaɓai, sau huɗu kana gayyata ta ina ce maka sai mako mai zuwa, ba ka gaji ba. A na biyar ba ka tambaye ni ba, ƙofa kawai ka buga bayan sallar asuba ka ce ana jiranmu. Allah ya saka maka da alheri.

Bari in faɗi gaskiya, abin da ya fi hana ni fitowa ba gajiya ba ce, kunya ce. A garin nan in magidanci mai mota ya hau keke, abu ɗaya mutane ke kawowa a ransu: karayar arziki. Balle tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya san masu ajiye mota sun yi yawa. Makon farko wani dattijo a layinmu ya tsayar da ni, ya rage murya ya ce, "Alhaji, in wani abu ne ya faru ka faɗa mana, ai mun zama ɗaya." Wani abokin aikina kuma ya cim mini a hanya da motarsa, ya dage sai dai a ɗora keken a but ya rage mini hanya. Su ma ina gode musu, don da zuciya ɗaya suka yi.

Ranar da na fara zuwa wurin haɗuwa, da wandon yadi na je da takalmi sau-ciki, a kan wani keken gwanjo mai nauyin tsiya da na saya ba tare da na shawarci kowa ba. Ko kilomita biyu ba mu yi ba sarƙa ta cafke ƙafar wandon. Na san abin dariya ne, ni kaina da zan ga wani haka sai na dara. Ba wanda ya yi dariya a gabana. Abin da aka yi bayan na tafi kuma, wannan tsakaninku da Allah.

Makanikenmu, Malam, kai ne ka fara gyara ni kafin ka gyara keken. Ka ce sirdina ya yi ƙasa kamar na yaro mai koyo, shi ya sa gwiwa ke ciwo. Ka sa na ɗora dunduniya a kan feda, ka yi ta ɗaga sirdin har sai da ƙafar ta miƙe, ni kuwa ina ta tsoron ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Cikin mako guda ciwon ya tafi. Kai ka koya mini in daina danna giya mai nauyi don a ce ni ma namiji ne, in sassauta ta ƙafa ta riƙa juyawa da sauri. Kai ka zaunar da ni a ƙasa na cire taya da hannuna, na nemo huda a cikin bokitin ruwa, na goge, na shafa sholisho, na jira ya sha iska kafin in manna faci. Sau uku ina yi kana ɓarewa. A ranar na ji haushinka, a hanyar Wudil kuwa na yi maka addu'a.

Kyaftin, na gode da tsaurinka. Ka ce ba hular kwano ba tafiya, kuma ka taɓa mayar da ni gida saboda ita, ina ji ina gani. Ka koya mana mu riƙa nuna rami da hannu don na baya, mu ɗaga hannu kafin mu tsaya, mu bi hannunmu na dama, kada mu yarda mu shiga tsakanin babbar mota da gefen titi. Ka ce in ɗan adaidaita sahu ya ga fasinja, to ka ɗauka ya riga ya tsaya a gabanka. Duk wanda ya tuƙa keke a titin Zoo ko Hotoro da yamma ya san wannan ba zolaya ba ce. Kai ne kuma ka hana a sa tafiyar ranar Juma'a, don ranar kasuwar Wudil ce, motocin shanu sun cika hanya.

Yanzu in zo kan ranar kanta. Mu goma sha bakwai muka tashi bayan asuba, sanyin hunturu na yanka yatsu, hazo ya rufe gari har fitilun bayan kekuna kawai kake hangowa. Muka wuce Hotoro, muka wuce Mariri ana ta sauke huhunan goro, jikina garau. Samarinmu suka sa ni a tsakiya, suka ce in manne a bayan na gabana don shi zai riƙa fasa mini iska. Abin mamaki, sai ka ji kamar ana jan ka da igiya. Muka isa gadar Wudil da hantsi, muka sauka bakin kogi, aka yi hotuna, aka ci kifi. Ni da ban taɓa wuce kilomita 40 a rana ba, har na fara tunanin ashe abin ba wuya, ashe dai tsoratar da mu ake yi.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kuskurena biyu ne, kuma duk an gargaɗe ni a kansu. Na farko, ban sha ruwa ba. A hunturu gumi bushewa yake nan take, ba ka ganin jiƙa a riga, ba ka jin ƙishirwa, sai ka ɗauka ba ka rasa komai ba. Gorata ɗaya ko rabi ban sha ba har Wudil. Na biyu, da muka juyo sai girman kai ya ɗebe ni na bi sahun samarin gaba, yaran da na girme wa wasunsu da shekara ashirin. Na jure kamar minti ashirin. Daga nan na ga tazara na buɗewa, tayar na gabana na nisa, na danna na danna, ƙafa ta ce ta gama. Can sai jijiyar cinyata ta dama ta ɗaure tamau kamar an ɗaura mata dutse. Na yi ƙoƙarin sauka, ƙafar ta ƙi miƙewa, na tafi a hankali na zube a gefen titi cikin yashi, ni da keken. Da na ɗago shi kuma sai na tarar ƙaya ta huda tayar baya.

A nan ne zan yi godiyar da ta sa na zauna rubuta duk wannan. A ƙungiyarmu akwai mutum ɗaya da aikinsa shi ne zama a ƙarshe, ba ya wuce kowa, komai jinkirin mutum. Wanda ya riƙe wannan aikin dattijo ne, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, duk Baba muke ce masa. Da ina ɗauka don ƙarfinsa ya ragu ne yake zama a baya. Daga baya na ji cewa da zai saki ƙafa, rabin samarin nan ba za su ga ƙurarsa ba.

Baba, ban san yadda zan gode maka ba. Ka iso ka jingine kekenka, ba ka ce "ai na faɗa maka" ba, ko da yake ka faɗa. Ka kama ƙafata, kai da ka isa ka haife ni, ka miƙar da ita kana danna yatsun zuwa sama har jijiyar ta saki. Ka ciro dabino ka ba ni, ka ce in ci uku in sha ruwa kaɗan-kaɗan. Da motar rakiya ta tsaya, direban ya buɗe ƙofa, wallahi raina ya riga ya shiga ciki ya zauna. Sai ka ce, "Ɗana, in ka shiga ba wanda zai ga laifinka, ni ma na taɓa shiga. In kuma kana son ƙarasawa, ni yau ba ni da wurin zuwa." Ka sa na yi facin da hannuna kana kallo, hannun na rawa. Sannan ka shiga gabana, ka ce kada in dubi nisan hanya, tayarka kawai zan duba. Kusan awa biyu muka yi a kan abin da sauran suka yi cikin awa ɗaya. Duk sanda na rage gudu, ban san yadda kake ganewa ba tun da ba ka waiwayowa, sai in ga kai ma ka rage. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ɗan'uwanmu ma'aikacin jinya, wanda ya juyo daga gaba da ya ji labari, ya haɗa mini ruwan gishiri da sukari a gora, ya auna bugun zuciyata kafin ya yarda in ci gaba, na gode. Ya kuma ja mini kunne a kan maganin hawan jinina da zancen komawa wurin likita, kuma na ji. Direban motar rakiya da ya yi ta binmu a baya da fitilu a kunne yana kare mu daga tireloli, na gode. Akwai wata baiwar Allah mai fura da nono a gindin wata bishiyar darbejiya da ta matsa mini a inuwa ta ba ni aron tabarma, ta ƙi karɓar komai a kan haka. Ban san sunanta ba, ba lallai ta ga wannan ba, Allah ya san ta.

Da muka iso wurin haɗuwa na ɗauka kowa ya watse, don azahar ta kusa. Sai na tarar da su duka goma sha biyar a zaune a gefen titi, har da masu shagon da ya kamata a ce sun buɗe tun ɗazu. Wai ba a rufe tafiya sai na ƙarshe ya iso. Suka tashi suna kaɗa ƙararrawa. Na ce hazo ne ya shigar mini ido, kuma a bar maganar a haka.

Uwargida, ke ce ta ƙarshe a rubutu don ke kika fi kowa sanin wahalar. Ke ke tashi ki dafa shayi kafin asuba, ke ke wanke kayan da maiƙon sarƙa ya ɓata, ke kika dafa ruwan zafi ranar Lahadi kika gasa mini ƙafa kina dariya, kina cewa wanda ya aike ni bai biya ni ba. Na yafe dariyar. Yara kuma da suka koma ce mini ɗan tsere, kowa ya yi jarabawa da kyau akwai keke.

Ga waɗanda suka yi ta tambaya ta tun da aka sa hotunan, musamman sa'o'ina masu tumbi irin nawa: ba sai da keke mai tsada ba, nawa har yau na gwanjon nan ne. Birki mai ci, hular kwano, fitila da gorar ruwa sun isa. Ranar Asabar gajeriyar tafiya ake yi ta sababbi, ba ta wuce kilomita 15, kuma Baba na baya.

Wanda ya ba ni aron famfo a hanya, ɗan ƙarami baƙi mai ɗaurin roba, yana wurina, na manta fuskar mai shi saboda halin da nake ciki a lokacin. Zan zo da shi ranar Asabar in sha Allahu, in ƙafa ta yarda.