Gadon jariri ya iso, maguna sun riga mai shi hawa

Yau Asabar. Da hantsi Maigida ya gama haɗa gadon jariri, ya ɗora katifa, ni kuma na shimfiɗa zani don in ga yadda zai zauna. Na fita in sha ruwa. Kafin in dawo Gimbiya, ɗaya daga cikin magunanmu biyu, ta haye ta naɗe a tsakiya, ta lumshe ido kamar da kuɗinta aka saya. Tozali, baƙar, tana ƙasa tana goga kumatunta a ƙafafun gadon ɗaya bayan ɗaya. Cikina ya shiga wata na bakwai, sunkuyo ya fara yi mini wuya, sai Maigida ne ya ɗauke Gimbiya, tana ta harararsa.

Ni dai ban ga laifinsu ba. Abin da mage take nema bai wuce wuri mai tudu ba, mai laushi, mai ɗumi, inda za ta hangi kowa ba tare da an taka mata wutsiya ba. Dabbar da take barcin awa 12 zuwa 16 a kullum, ai dole ta san gadon kirki in ta gan shi. Gogar kumatun ma ba iskanci ba ne. A kumatunta da haɓarta akwai inda wani ƙamshi yake fita wanda hancinmu ba ya ji, da shi take yi wa sabon abu alama don ya zama na gida.

Maigida ya ce, "Ki bar ni da su. In na zuba ruwa a kwalbar feshi, duk wadda ta hau na fesa mata, kwana biyu za su daina." Na ce a'a, Yallaɓai. Abin da za su koya shi ne kai ne mai feshi. In kana nan za su kauce, da ka ba da baya ko dare ya yi su koma, ga shi kuma sun fara gudunka. Gadon ne ya kamata ya daina yi musu daɗi, ko muna nan ko ba ma nan.

Sai muka yanko kwali daidai faɗin katifar, muka jera masa salatif mai manne gaba da baya, muka ɗora. Na zauna a bakin ƙofa ina jira. Ba a daɗe ba Gimbiya ta dawo, ta yi tsalle ta sauka a kai. Ta ɗaga ƙafar gaba, kwalin ya ɗan biyo ta ya sake ta da ƙara. Ta girgiza ƙafar, ta taka da ɗayar, ita ma haka. Ta dire ƙasa ta zauna tana lasar tafinta, ta ƙi kallona. Na yi dariya har sai da yaron ya motsa. Tun daga nan ba ta sake gwadawa ba, amma na san halinta, sai an ga gobe.

A kan teburin canza kunzugu kuwa takardar alminiyam muka shimfiɗa, don yawancin maguna ba sa son ƙararta da santsinta. Ashe Tozali ba ta cikin yawancin. Ta hau, ta kai mata duka, ta ji ƙara, sai wasa ya kankama. Muka cire, muka cika saman teburin da kwalaye har ba wurin sauka. Wata ƙawata ta turo mini cewa in ɗiga man ƙamshi irin mai ƙarfin nan da ake tatsa daga tsirrai a ɗakin don ya kori magunan, na ce mata ba da ni ba. Da yawansu guba ne ga mage, hantarta ba ta iya sarrafa su, balle ɗakin da sabon huhu zai kwana. Duk wannan tarkacen ma na ɗan lokaci ne. Kafin haihuwa za a kwashe, domin gadon jariri ba a barin komai a ciki sai katifa mai ƙarfi da zanin da ya kama ta.

Da yamma Inna ta kira. Da ta ji abin da muke ciki ta ce, "Ke dai ki ba da magunan nan ki huta. An ce suna bin ƙamshin nono su zuƙe numfashin jariri." Na ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, zancen zuƙe numfashi ba shi da tushe." Amma ban ƙaryata ta duka ba, don tsoronta yana da kan gado. Mage tana son ɗumi, jariri kuma ɗumi ne da shi. In ta kwanta ta jingina da fuskarsa, ba ya iya juya kai ko ture ta. Ba mugunta za ta kai ta ba, barci ne kawai, kuma shi ya sa ba za a taɓa barinsu ɗaki ɗaya ba babba a wurin. Na kuma gaya mata abin da ya fi damun masu awon ciki, wato cutar toksoplasma da ake iya samu daga kashin mage, wadda take iya taɓa ɗan da ke ciki. Tun farkon cikin Maigida ne yake kwashe akwatin yashinsu, kuma kullum, saboda ƙwayar cutar sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a cikin kashin kafin ta iya kama mutum. Inna ta ce to, Allah ya raba lafiya. Daga muryarta na san ban gamsar da ita ba.

Maigida ya nuna mini wata raga a intanet mai zif, wadda ake kifawa a kan gadon kamar tanti. Ban yarda ba. A 2012 an janye irinta daga kasuwa a Amurka bayan yara sun maƙale a ciki. Maganin da na fi amincewa da shi ƙofa ce. Kuma yau muka fara rufe ta, ba ranar da za a dawo da jariri ba. In an jira sai ranar, komai zai haɗu musu lokaci guda: sabon kuka, sabon ƙamshi, baƙi, ga kuma kora daga ɗakin da suka saba shiga. Irin wannan ne yake sa mage ta fara fitsari inda ba ta saba ba. Gara su gama fushinsu yanzu, su manta.

Ba a hana mage wuri ba a ba ta wani ba, don haka muka share saman wata kanta a falo kusa da taga, na shimfiɗa tsohon tawul ɗin da Gimbiya take so. Ta hau ta zauna tana kallon tsuntsaye. Na shafa man jariri a hannuna kafin in shafa magunan don su saba da ƙamshin, na kuma kunna kukan jariri a waya can ƙasa-ƙasa. Gimbiya ta juya kunne ɗaya ta ci gaba da harkarta. Tozali ta shige ƙarƙashin kujera, sai na kashe. Ita za ta ɗauki lokaci, gobe zan rage ƙarar in haɗa mata da abincinta.

Matsala ɗaya ta rage. Mariƙin ƙofar irin wanda ake dannawa ƙasa ne, Tozali kuma ta iya rataya a kai ta buɗe. Maigida ya ce zai sa sakata daga sama gobe. Yau dai kujera muka tokare ƙofar da ita.