Abin da mai shirin jarrabawar CCNA ya kamata ya fara ƙwarewa a kai

Matasa da dama a nan Katsina, musamman waɗanda suka karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, sun soma neman takardar shaidar ƙwarewa a fannin sadarwar kwamfutoci, kuma wadda aka fi ambata ita ce CCNA ta kamfanin Cisco, sai Network+ ta CompTIA. Tun watan Fabrairun 2020 aka dunƙule CCNA ta zama jarrabawa ɗaya mai lamba 200-301, ana rubuta ta cikin minti 120, kuɗinta dala 300, shaidar kuma tana aiki har shekara uku. Idan aka mayar da wannan kuɗi naira, babu ɗalibin da zai so ya faɗi, shi ya sa wasu ke bin tambayoyin da aka sato daga jarrabawar suna haddace amsoshinsu. Ina roƙon duk mai wannan niyya da ya fasa. Cisco ta haramta hakan kuma tana iya soke shaidar wanda ta kama, sannan ranar da aka tsayar da mutum gaban na'urar da ta ƙi aiki, amsar da ya haddace ba za ta fisshe shi ba.

Hadda tana da wurinta, kuma mu da muka taso da allo ba ta ba mu wahala. Dole ne a riƙe matakai bakwai na OSI, wato tsarin da ke bayyana yadda saƙo ke tafiya tsakanin kwamfutoci, wanda hukumar daidaita ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta fitar a 1984, a san cewa siwic, na'urar da ke haɗa kwamfutoci su zama rukuni ɗaya da ake kira netwok, yana aiki a mataki na biyu da adireshin MAC, lambar da ke jikin kowace na'ura mai bit 48 (bit shi ne 0 ko 1), rauta kuma, mai haɗa netwok da netwok, a mataki na uku da adireshin IP, lambar da ake gane na'ura da ita a sadarwa. Haka ma lambobin ƙofofi, waɗanda ke nuna irin hidimar da saƙo yake nema: 22 ta SSH mai shiga na'ura daga nesa, 53 ta DNS mai mayar da sunan shafi zuwa adireshin IP, 80 ta HTTP da 443 ta HTTPS masu buɗe shafukan intanet. 'Yan kwanaki sun isa a haddace waɗannan.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne lissafin rarraba adireshi, kuma a ganina nan ya kamata mafi yawan lokacin karatu ya tafi. Adireshin IP na nau'in IPv4 bit 32 ne, an kasa shi gida huɗu, kowane gida daga 0 zuwa 255. Wani sashe nasa yana nuna netwok ɗin, sauran kuma yana nuna na'urar da ke cikinsa, kamar yadda mai neman wani a cikin gari zai fara da sunan unguwa, Rafindaɗi ko Ƙofar Sauri, kafin ya tambayi gidan. Lambar da ake rubutawa bayan karkataccen layi, irin su /24 ko /26, ita ke faɗin bit nawa aka ware wa sashen farko.

A ɗauki 192.168.10.0/24. Bit 8 suka rage wa na'urori, wato adireshi 256, amma na farko sunan netwok ɗin ne, na ƙarshe kuma na aika saƙo ga kowa ne, saboda haka 254 kaɗai za a iya bai wa kwamfutoci. Idan ana son raba shi gida huɗu, a ce ofishin kuɗi, ɗakin karatu, malamai da baƙi, sai a ari bit 2 daga sashen na'urori ya koma /26, wanda a rubuce shi ne 255.255.255.192. Yanzu kowane kaso yana da adireshi 64: daga 0 zuwa 63, daga 64 zuwa 127, daga 128 zuwa 191, daga 192 zuwa 255, kuma 62 ne masu amfani a kowanne. Da an nuna wa ɗalibi 192.168.10.77/26, ya kamata kafin ya ɗauki biro ya san cewa yana cikin kason da ya fara daga 64, na'urorinsa kuma daga 65 zuwa 126 suke. Wannan saurin ba ya samuwa sai da maimaita lissafin kullum a takarda, domin a zauren jarrabawa ba a barin mutum ya shiga da wayarsa, lokaci kuma ba ya jira.

Amfanin wannan lissafi a bayyane yake a cibiyoyin rubuta jarrabawa da kwamfuta da ke cikin gari. A ce cibiya tana da kwamfuta 250, ga saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, ga rauta, ga na'urorin buga takarda da kyamarori; /24 ba za ta ɗauke su ba, sai an buɗa zuwa /23 mai adireshi 510 masu amfani, ko a raba su kashi-kashi. Wanda bai iya wannan ba zai ga wasu kwamfutoci sun haɗu wasu sun ƙi, ya yi ta canza kebul alhali laifin ba na kebul ba ne.

Abu na biyu shi ne bin matsala daga ƙasa zuwa sama. A fara da duba ko fitilar ƙofar siwic tana ci, a tuna cewa kebul ɗin Cat5e ko Cat6 ba ya wuce mita 100, kuma kan kebul na RJ45 da aka matse ba bisa jerin launuka ba yana iya hana komai wucewa. Daga nan a duba adireshin kwamfutar. Idan ya fara da 169.254, ita ta bai wa kanta domin ba ta samu amsa daga sabar DHCP mai raba wa kwamfutoci adireshi ba. Sai a aika ping, wato saƙon gwaji don ganin ko na'ura za ta amsa, zuwa rauta, sannan zuwa wani adireshi na waje kamar 8.8.8.8. Idan wannan ya amsa amma shafin intanet ya ƙi buɗewa da sunansa, to DNS za a bincika. Tambayoyin jarrabawa da yawa a kan wannan tsari aka gina su, ko da an sauya musu kama.

Rashin kuɗin sayen rauta da siwic ba uzuri ba ne, domin manhajar Packet Tracer kyauta ce ga duk wanda ya yi rajista da Cisco Networking Academy, kuma da zarar an sauke ta ana iya gina netwok a cikinta a kan laftof mai matsakaicin ƙarfi. Duk da haka ina ba da shawarar a nemi wani ƙwararre a riƙa bin sa wurin aiki, saboda manhaja ba ta nuna yadda ƙurar hunturu ke toshe fankar siwic, ko yadda zafin watan Afrilu ke wahalar da na'urar da aka kulle a akwati marar iska. A can ne kuma ɗalibi zai gane muhimmancin umarnin copy running-config startup-config: duk saitin da aka yi wa rautar Cisco yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi har sai an adana shi, kuma idan aka ɗauke wuta kafin a yi hakan, aikin yini guda ya tafi, sai an sake shi daga farko.