Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: 'Yan Tawayen Zariya

Makon jiya mun tsaya a inda takardar shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta iso gidanmu a Sakkwato. Baba baduku ne, jar fata ya gada, bai ga dalilin zuwa wata uwa duniya don koyon zane ba. Ya ce, "Yaro, mi za su koya maka can wanda babu shi ga hannuna?" Zanen mai rai ya fi damunsa. Kawu ne ya shawo kansa, bisa sharaɗin zan karkata ga zanen tufafi.

Sai da na isa Samaru na san gidan da na shiga. Sashen zane ya girmi jami'ar kanta, domin tun 1955 aka dawo da shi Zariya daga Ibadan, jami'a kuwa sai 1962. Turawan Ingila ne suka fi yawa cikin malaman farko, tsarin makarantunsu kuma suke koyarwa. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya, daga baya aka laƙaba musu 'yan tawayen Zariya. Ba su ce a zubar da fentin Bature ba. Cewa suka yi a karɓi dabararsa, amma kowa ya waiwayi adon da ya tarar a gidan iyayensa. Okeke ya koma wa uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya raya shi a jami'ar Nsukka. Grillo kuma ya horar da ɗimbin ɗalibai a kwalejin Yaba ta Legas.

Abin da ya tsaya mini a rai, duk waɗannan da na lissafa babu Bahaushe, alhali ga bangayen birnin Zariya cike da ado a gabansu. Su sun san darajar nasu. Mu fa, masu dagi da aska takwas da zayyana?

Shi ya sa da hutu ya zo na nufi wani alaramma a shiyarmu, wanda ke yi wa masu sauka zayyanar allo. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, koyo na zo yi." Bai amsa ba, ya miƙo mini ƙaro da wuƙar feƙe alƙalami, ya ce in fara da dafa tawada. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.