Zobe uku da baƙin ɗigo: yadda na ɗaura wa bindigata saitin huji

Tsirara bindigar ta zo hannuna, babu saitin gaba, babu na baya. Tsohuwar Anschütz ce ta Jamus, mai sakatar da ake kira Match 54, tana cin harsashin .22 ƙwaya ɗaya tak: ka ɗora, ka rufe, ka harba, ka buɗe. Wanda ya riƙe ta kafin ni da madubin hangen nesa yake harbi, ya kuma cire abinsa ya tafi da shi. Ni kuwa harbin kwance na mita 50 nake so in koya a kulob ɗinmu, bisa ƙa'idar hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, wadda ba ta yarda da madubin da ke jawo abu kusa ba. Dole sai saitin huji.

Ga wanda bai taɓa leƙawa ba, abin ba shi da wuyar fahimta. A baya, dab da ido, akwai faifai mai ɗan huji kamar kafar allura. A bakin bindiga akwai gajeren bututu mai zobe a cikinsa. Can nesa kuma ga baƙin da'irar takarda. Aikinka shi ne ka sa baƙin a tsakiyar zobe, zoben a tsakiyar huji. Ido da kansa yake neman tsakiyar da'ira, ba sai an koya masa ba. Wannan maganar na sha jin ta, amma sai da na ɓata wata uku kafin na yarda da ita.

Sayayyata ta farko asara ce, kuma laifina ne. Na ga wani tsohon saitin baya ƙirar Ingila, ƙarfe zalla, mai nauyi a hannu, sai ya shiga raina na saya ban auna komai ba. Da na kawo shi kusa da bindigar sai na ga ba su san juna ba. Shi a jikin bindiga ake ɗaure shi da noti, ita kuwa doron sakatarta layi ne mai faɗin milimita 11 wanda saiti ke zamewa a kai sannan a matse. Na ce to, ko faifan hujin ne in cire in yi amfani da shi. Nan ma babu sa'a: haƙorin notin irin na Ingila da Amurka ne, 7/32 na inci, na ƙasashen Turai kuwa milimita 9.5 ne. Na nannaɗe shi a tsumma na jefa a akwati.

Na biyu na hannu ne shi ma, amma ƙirar Jamus, kuma kafin in biya sai da na zura shi a layin na ga ya zauna daram. Na gaba kuma na ɗauki bututu mai faɗin milimita 18, don zobbansa sun fi saukin samu. Akwai na 22 ga mai son fili.

Ɗaurawar ba ta ci minti goma ba. Na goge layin da tsumma, na zura saitin, na kwanta yadda zan yi harbi, na yi ta matso da shi ina ja da baya har hujin ya tsaya kimanin santimita 5 daga idona, inda nake ganin bututun gaba da farin fili kewaye da shi. Sannan na matse notin da hannu, ba da ƙarfin tsiya ba, na ja ɗan layi da fensir a wurin don duk ranar da na cire in mayar da shi inda yake.

Ranar farko a filin harbi na ba mutane dariya. Harsashi biyar na farko suka taru a ƙasa ta hagu. Na duba marfin murɗawa, na ga L da R, na ce ai dama nake so, sai na murɗa wajen R har ƙas goma. Na sake harbi, suka ƙara nausawa hagu. Na ƙara goma, suka bar baƙin gaba ɗaya. Wani dattijo da ke kwance a layin kusa da ni ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, karanta ɗan rubutun da ke gaban harafin."

Na duba na ce, "Baba, bei aka rubuta."

Ya ce a Jamusanci ma'anarsa "idan yana wajen". Wato da yawa daga saitin Jamus inda harsashi ya faɗa suke tambayarka, ba inda kake so ya koma ba. In ya faɗa hagu, wajen L za ka murɗa. H sama ne, T ƙasa. Na Ingila da Amurka akasin haka suke. Tun daga ranar na rubuta wannan a takarda na liƙa a ƙotar bindigar, har yau tana nan.

Shi ne kuma ya nuna mini wasan da ke cikin tsohon noti. In ka murɗa ƙas huɗu gaba, sannan ka dawo huɗu baya, ba lallai saitin ya koma inda ya taso ba, domin haƙoran sun ci sun saki, ƙas na farko ko na biyu iska kawai yake juyawa. Maganinsa ka riƙa ƙarasawa ta fuska ɗaya kullum: in za ka koma baya uku, ka koma biyar ka dawo biyu.

Amma duk waɗannan ƙananan abubuwa ne. Abin da ya ci mini lokaci shi ne zoben gaba.

Hankalina ya ba ni cewa gwargwadon yadda zobe ya matse baƙin, gwargwadon yadda zan daidaita. Saboda haka na zaɓi mai milimita 2.8, wanda farin da ke tsakaninsa da baƙi bai fi silin gashi ba. A ido abin gwanin kyau, kamar an yi wa ɗigon kwalli. A takarda kuwa harsasaina sun watse kamar an watsa tsaba. Abin da ke faruwa shi ne, da zarar bindiga ta ɗan motsa sai baƙin ya taɓa zoben, farin ya ɓace a gefe ɗaya, ni kuma in tsaya gyara. In gyara nan, can ya lalace. Kafin in ankara na yi daƙiƙa goma sha biyar ina riƙe da numfashi, ido ya gaji, hoton ya dushe, sai in fizge kunama don kawai in huta. Mafi munin harbina duk a irin wannan lokacin suka fita.

Da na zauna da biro na yi lissafi sai na gane girman wautar. Faɗin baƙin takardar mita 50 milimita 112.4 ne. Zoben gabana yana kusan santimita 85 daga idona. A wannan tazarar baƙin bai wuce milimita 1.9 ba a ganin ido. Ke nan a zoben 2.8 farin da na bar wa kowane gefe bai kai rabin milimita ba, kuma a cikin wannan ɗan tsukin nake so ido ya yi hukunci alhali zuciya na bugawa, bindiga na lilo.

Dattijon ya ara mini mai 3.6. Da na leƙa sai na ji kamar an sake ni a fili ba shinge, baƙin yana iyo a tsakiyar fari, na ce a raina wannan ba zai yiwu ba. Na harba goma. Takwas suka shiga da'irar maki tara da ta maki goma, waɗanda ke can tsakiyar baƙin. Ban fi jiya iya riƙe bindiga ba. Abin da ya canja shi ne na daina faɗa da hoton. Ido ya ga tsakiya cikin daƙiƙa biyar ko shida, yatsa ya bi. Daga baya na sayi zobe mai buɗewa da tsukewa, kuma yawanci tsakanin 3.5 da 3.8 nake yawo, in gari ya yi duhu in ƙara buɗewa. Masu harbin tsaye sun fi haka buɗewa, don lilonsu ya fi yawa. Wanda kuma ya ƙara wa bakin bindiga bututu don saitin ya yi nisa, dole ya ƙara faɗin zobe, tunda zoben ya ƙanƙance a ido, baƙin kuwa yana nan yadda yake.

Hujin baya ma irin kuskuren na maimaita, sai dai na gane da wuri. Ƙaramin huji yana sa zobe da takarda su fito tare, shi ya sa mutum ke kwaɗayin tsuke shi. Amma da na sauka zuwa milimita 0.8 sai haske ya ragu, gefen zoben ya yi gashi-gashi, har ina ganin wasu ɗige-ɗige na yawo a idona. Yanzu buɗewa nake yi sosai, in riƙa tsukewa a hankali har zoben gaba ya fito tsaf, in tsaya nan. Kusan kullum 1.1 ne ko 1.2. Kuma zoben nake kallo, ba takardar ba. Ita in ta ɗan dushe babu laifi.

Akwai wani lissafin da ya sa na daina raina matashin kunci, wato wurin ɗora kunci a kan ƙotar bindiga. Tsakanin saitina na baya da na gaba santimita 80 ne, takarda kuwa mita 50, wato duk kuskuren da aka yi a nan ana ninka shi sau 62 da rabi a can. Kaucewar kashi ɗaya cikin goma na milimita ta zama milimita 6 da ɗoriya, alhali da'irar goma duka faɗinta 10.4 ne. Saitin da na saya ya ɗan fi tsayin da aka yi wa ƙotar, don haka kuncina a sama yake shawagi, kowane harbi da inda kaina ke tsayawa. Na yi ta liƙa siraran kwali a kan matashin, ina rufe ido in kwantar da kai, in buɗe. Ranar da na buɗe na ga zoben gaba a tsakiyar huji ba tare da na motsa wuya ba, na daina ƙari. Kwali huɗu ya ci. Ba kyau a ido, har yanzu ban sa an yi mini na katako ba.

Saitin Ingilan nan kuwa, watanni bayan haka dattijon ya zo da wata tsohuwar bindiga ƙirar Ingila, BSA Martini, ita ma mai cin ɗaya, wadda nata saitin ya karye tun da daɗewa. Na tuna da tsumman da ke cikin akwati, na kawo masa mako na gaba. Noti biyu ya ɗaura, abin ya zauna kamar tare aka ƙera su. Zoben 3.6 ɗin da ya ara mini kuwa bai sake tambayarsa ba, ni ma ban tuna masa ba.