Wasiƙa daga Bronx ta birnin New York: a nan kowa cewa yake shi aka fi zalunta

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ya iyali, ya haƙuri da tsadar rayuwa. Mu nan sanyi ya fara shigowa.

Wani abu ke cina a rai nace bari in rubuto muku. Ranar da na fara cika fom ɗin neman aiki a Amurka sai naga an jera akwatuna, fari ne kai ko baƙi ko ɗan Asiya, ni da na taso na san kaina Bahaushe Musulmi rana ɗaya na koma baƙi kawai. Wannan bai dame ni ba kamar abun da na tarar daga baya, kowa rungume yake da tabonsa kamar jari, har gasa ake yi.

Kada wani ya ce ina musun zalunci. Kakannin baƙaƙen ƙasar nan bayi ne har 1865, dokar hana wariya sai 1964 aka yi ta, kuma duk mun ga yadda ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd a 2020 har rai yayi halinsa, wlh ranar kasa cin abinci nayi. Amma yanzu wasu cikinsu cewa suke mu 'yan Afirka da muka zo jiya mun zo cin rabonsu, wata ƙungiya kuma ta kai jami'ar Harvard kotu wai ana danne 'yan Asiya har Kotun Ƙoli ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a watan Yunin 2023, ga wasu Turawan su ma suna kukan yanzu su ake ware wa.

A sito ɗin da nake aiki kuwa dukkanmu kwali ɗaya muke ɗauka, bayanmu ɗaya ke ciwo, da baƙin da farin da ɗan Dominika. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009 bai motsa ba, amma a hutun cin abinci ba wanda ke tada wannan, sai musun wa ya fi shan wuya. Ɗan siyasa kuma ya gane ƙorafin nan ƙuri'a ne, me zai sa ya bari ya warke?

Abun yana tuna min takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma, yaro an haife shi a Jos, ubansa ma a nan aka haife shi, amma ranar neman gurbin karatu a ce masa baƙo ne. Tun rikicin 2001 kowane ɓangare gawarwakinsa kawai yake ƙirgawa.

Ku gaida min kowa da kowa, sai na sake rubutowa.