Abin da gyaran labarin wata 'yar riƙo ya koya mini

Aikina shi ne tace rubutun marubuta kafin a kai ɗab'i, kuma cikin littattafan da suka biyo ta hannuna babu wanda ya sha mini kai kamar ƙagaggen labarin wata yarinya 'yar shekara 16 da ta tashi a hannun riƙo, yau wannan gida gobe wancan, har ciki ya shiga.

Na lura marubuciyar ba ta iya kame bakinta. Da zarar cikin ya bayyana, sai muryar yarinyar ta ɓace, wa'azi ya karɓe alƙalami. Alhali 'yar shekara 16 ba ta zama ta yi nazarin taɓarɓarewar tarbiyya. Damuwarta yadda za ta ɓoye aman safe a banɗakin da suke haɗawa da yaran gidan, da ko siket ɗin makaranta zai kai ta ƙarshen zango. Shafukan wa'azin nan muka yi ta cirewa, marubuciyar tana ƙorafi, ni ina ja.

Inda na fi ƙaruwa shi ne sanin yadda riƙon hukuma yake. Sashe na 20 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ambaci riƙo daban, kafala (ɗaukar nauyin yaro bisa shari'ar Musulunci) daban, mayar da yaro ɗa na dindindin daban. Na farkon na wucin gadi ne, kuma ta-cewa tana hannun jami'an walwala da kotu. Shi ya sa yarinyar ba ta taɓa zazzage kayanta duka daga jaka ba, ko da ta shekara a gida. Shi ya sa kuma ta yi gum. Ba kunya kaɗai ba ce. Ta san in ta faɗa ana iya sauya mata gida, ana iya karɓe jaririn a buɗe masa nasa fayil, ga shekara 18 tana matsowa, lokacin da a ƙasashe da dama ake janye tallafi. Mai karatun da bai san wannan ba zai ɗauka taurin kai ne.

Mun fi daɗewa muna jayayya kan ƙarshen labarin. Marubuciyar ta so yarinyar ta mutu wajen haihuwa. Haɗarin gaskiya ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce uwaye masu shekara 10 zuwa 19 sun fi 'yan 20 zuwa 24 fuskantar jijjiga, jariransu kuma sun fi zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi. Amma a ganina kashe yarinyar hanyar gudu ce, don ta sauƙaƙa wa marubuci, ta kuma mayar da cikin hukunci. Mafi wuya a rubuta shi ne ta rayu, ta koma aji da nono yana zuba, tana jiran ranar da jami'a za ta zo duba ko ta iya raino. Babi uku muka ƙara a kan wannan.