Wasiƙa daga Minnesota: idan ɗan takara ya janye, ina mutanensa suke zuwa?

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ya kuke, ya iyali, ya haƙuri da mu. Ina rubuto muku ne daga Minneapolis a jihar Minnesota ta Amurka inda nake zaune shekaru da dama yanzu.

Abun da ya sa na ɗauko wannan magana, ƙanena ne ya kira ni ta WhatsApp kwanakin baya, shi ne sakataren wata ƙungiyar matasa masu yi wa wani ɗan siyasa aiki a ƙaramar hukumarmu, sai na ji muryarsa cike da murna wai abokin karawar maigidansu ya janye, yace min "Yaya ai magana ta ƙare, mutanensa duk sun zama namu." Wallahi gabana ne ya faɗi, saboda wannan maganar da bakina na taɓa yin irinta ranar Litinin 2 ga Maris 2020, kuma kafin awa talatin da shida su cika na ga sakamakonta.

A shekarar ina cikin 'yan sa-kai masu bi gida-gida don Sanata Bernie Sanders a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Democrat. Ba biyanmu ake ba, mutum ya tashi daga aiki ya sa rigar sanyi biyu ya ɗau waya ya shiga unguwa. Nan ba kamar yadda muka saba gani a gida bane da daliget suke taruwa a fili ɗaya a kwana ana ƙirga, talakawa ne da kansu suke fita jiha bayan jiha su jefa ƙuri'a, daga ƙuri'ar ne ake raba daliget, kuma a Democrat duk wanda bai kai kashi 15 cikin ɗari ba baya samun ko ɗaya a wurin. A lokacin ana buƙatar daliget 1,991 kafin mutum ya zama ɗan takara. Bernie ya ci New Hampshire, ya ci Nevada da rata mai yawa, mu kuma muna jin kamar iska na bayanmu. Sai ranar 29 ga Fabrairu Joe Biden ya lashe South Carolina bayan ɗan majalisa Jim Clyburn, wanda baƙaƙen fata na jihar ke jin maganarsa sosai, ya fito ya mara masa baya. Washegari Lahadi Pete Buttigieg, ɗaya daga cikin 'yan takarar, ya janye. Litinin Sanata Amy Klobuchar, 'yar nan Minnesota, ita ma ta janye, a daren nan su biyun suka je Dallas suka miƙa wa Biden mubaya'a. Talata kuma ita ce babbar Talatar da jihohi 14 ke zaɓe rana ɗaya, har da tamu.

To mu nan me muka yi da muka ji Amy ta fita? Murna. Lissafinmu shi ne ita ce kaɗai ta tsare mana hanya a jiharta, Bernie ya ci Minnesota a 2016 da sama da kashi 60, Biden kuwa kusan bai yi wani kamfen a nan ba, to wa zai hana mu? A daren Bernie ya yi babban gangami a St. Paul tare da 'yar majalisa Ilhan Omar, zaure ya cika maƙil, yace ƙofa a buɗe take ga magoya bayan waɗanda suka janye, muka yi ta tafi. Talata da dare sakamako ya fito, Biden ya ci Minnesota da kusan kashi 39, mu muna wajen kashi 30. A ƙasa baki ɗaya ya ɗauke jihohi 10 cikin 14, har da Massachusetts jihar Sanata Elizabeth Warren, wadda ita ma tana takarar, inda ta zo ta uku.

Akwai wata ƙofa da na ƙwanƙwasa a safiyar Talatar da har yau bata bar raina ba. Wata dattijuwa ce farar fata, allon Amy mai launin kore yana nan a kafe cikin ƙanƙara a gaban gidanta bata cire ba. Na gaishe ta na fara karanto mata abun da muka saba faɗa kan inshorar lafiya da kuɗin makaranta, ta tsaya ta saurare ni har na gama, sannan tace min jiya da daddare ta yi kuka, tace shekara goma sha tana zaɓen matar nan, kuma tun kafin ta kwanta wata ƙawarta da suke coci ɗaya ta kira ta sun daɗe suna magana, ta riga ta yanke shawara Biden za ta zaɓa. Sai ta ƙara da cewa, cikin ladabi fa ba faɗa ba, wata biyu kenan tana ganinmu muna wucewa ta layin nan, bamu taɓa tsayawa a ƙofarta ba sai yau. Gaskiya ta faɗa. A manhajar da muke amfani da ita kowa ana ba shi maki daga 1 zuwa 5, 1 namu ne tsantsa, 5 ya yi nisa, duk gidan da muka ga allon wani sai mu wuce don kar mu ɓata lokaci. Ni da kaina na wuce gidanta ya fi sau uku.

Wannan shi ne abu na farko da nake so ƙanena da ire-irensa su ji. Aikin ranar janyewa tun wata biyu ko uku baya ake yinsa. Idan ka je gidan wanda ba naka ba, kar kace masa ya bar gwaninsa, ba zai bari ba kuma ka ƙara masa taurin kai, tambayarsa za ka yi, Baba idan Allah bai ba naka ba wa kake gani a bayansa, kuma me ya fi damunka? Ka rubuta. Ko a littafin 'yan makaranta ne ka rubuta, suna, unguwa, lambar waya, zaɓi na biyu, abun da ya dame shi, da kuma wanda yake jin maganarsa. Wannan na ƙarshen ya fi duk sauran tsada, domin dattijuwar nan ba gangamin Dallas ne kaɗai ya juya ta ba, muryar ƙawarta ce ta ƙarasa aikin. Da mun san waye ke jin maganar waye a layin nan da daren Litinin ɗin waya muka kwana muna bugawa, amma duk mun tafi zaure muna yi wa junanmu tafi, mu da muka riga muka yarda.

Sannan akwai maganar baki. Wanda gwaninsa ya janye mutum ne da aka yi wa rashi, ya kashe kuɗinsa, ya kashe lokacinsa, wataƙila ya ɓata da surukinsa a kan wannan takara, idan ka je masa da fuskar wanda yayi nasara kamar ka je gidan makoki da kalangu ne. Jaje ake fara yi. Kace sannu, mutuminku yayi ƙoƙari, ka ambaci abu ɗaya na gaskiya da kake girmamawa a wurinsa, ka tafi ko da baka nemi komai ba, ka dawo jibi. Mu a nan wasu daga cikinmu, ba duka ba amma sun isa su ɓata, tun a Janairu da aka samu saɓani tsakanin Bernie da Warren suka cika shafinta na Twitter da hoton maciji. Ranar 5 ga Maris Warren ta janye, manufofinta sun fi kusa da namu fiye da na kowa, kowa na cewa ai mutanenta namu ne, amma ita bata goyi bayan kowa ba a lokacin, mutanenta kuma suka rabu. Na kira wasunsu a waya a makon, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba aka ce min ku ne masu macijin ko? Mutum ya manta jawabin awa ɗaya amma baya manta zagin da aka yi wa wanda yake so. Ranar 10 ga Maris Biden ya ci Michigan, jihar da Bernie ya ba kowa mamaki ya ci a 2016, ranar 8 ga Afrilu Bernie ya dakatar da takara.

Shi ya sa idan na leƙa Facebook na ga yaranmu 'yan soshiyal midiya suna haɗa hoton wanda ya janye da kalaman wulaƙanci, an sayi wane, wane ya ji tsoro, raina yake ɓaci sosai. Duk shugaban ƙungiyar da ya san aikinsa a daren da labari ya fito saƙo ɗaya zai fara turawa gurup, kar wanda ya zagi kowa, wanda ya riga ya saka ya goge. Kuma ya bi ya tabbatar.

Wani abun da ban gane ba sai daga baya shi ne lissafi. Kashi 30 babban abu ne idan ku shida ne a fili, da shi kake zuwa na ɗaya. Ranar da kuka koma ku biyu kashi 30 ɗin nan faɗuwa ce. Mu mun shagala da yawan mutanen gangami da zafin son da namu ke yi, bamu tsaya mun tambayi kanmu ba, sauran kashi 70 ɗin nan idan aka matse su wuri ɗaya ina za su kwarara?

Na san wani zai ce wannan ai Amurka ce, mu nan gwamna ne ke riƙe da daliget, in ya ce a juya an juya. Haka ne, a cikin filin taro. Duk mun ga daren 28 ga Mayu 2022 a Abuja da Aminu Waziri Tambuwal ya koma kan mumbari ya janye wa Atiku Abubakar, Atiku ya samu 371, Nyesom Wike 237. Mun ga na APC a dandalin Eagle Square a watan Yuni inda su Badaru Abubakar da Fayemi da Amosun da Akpabio suka janye wa Tinubu ya tashi da 1,271. A fili janyewa tana aiki nan take. Amma ku duba abun da ya biyo baya a PDP, Wike da aka kayar da taimakon janyewar bai huce ba, ya haɗa kai da gwamnoni huɗu suka zama su biyar suka ƙi yi wa ɗan takarar jam'iyyarsu aiki, Peter Obi dama ya fice kwanaki kaɗan kafin zaɓen fidda gwanin, Kwankwaso ya riga ya tafi NNPP, kuma mutanensu basu tsaya a inda aka bar su ba. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 Obi ya samu sama da miliyan 6, Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi, tazarar Tinubu da Atiku bata kai miliyan 2 ba. Daliget ana iya miƙa shi, amma shugabar mata ta mazaɓa da ta ɗinka anko da kuɗinta, da mai shayin da teburinsa ya zama majalisar magoya bayan wane, da ejan ɗin da zai tsaya a rumfa tun safe har a ƙirga, waɗannan babu takardar da za a sa wa hannu a otal a Abuja ta kawo maka su. Nan Amurka ma haka ne, Nikki Haley ta janye daga takarar fidda gwani ta jam'iyyar Republican a farkon Maris 2024, amma wata biyu bayan nan a jihar Indiana sama da mutum ɗaya cikin biyar da suka fito sunanta suka dangwala, alhali sun san bata takara.

Abun da ɓangaren Biden suka yi bayan Bernie ya fita ya burge ni duk da zuciyata na ciwo a lokacin. Bernie ya goya masa baya ranar 13 ga Afrilu, sai aka kafa kwamitocin haɗin gwiwa guda shida da mutanen ɓangarorin biyu don tsara manufofi, na sauyin yanayi aka ba John Kerry na ɓangaren Biden da Alexandria Ocasio-Cortez ta ɓangarenmu su jagoranta tare. Ba duk abun da muke so muka samu ba, ko kusa, amma an zauna da namu a tebur, kuma wannan ya sa irina da yawa muka koma buga waya a watan Oktoba. To haka ake yi a mazaɓa. Wanda ya riƙe wa abokin karawarku unguwa kar ku kira shi taro ku ba shi kujerar roba a layin baya ku ɗau hoto, ku bar masa unguwar tasa ya cigaba da riƙewa, shi ya san gidajen, shi ya san wa ke da katin zaɓe wa bai karɓa ba. Matsalar da za ta taso, kuma za ta taso, naku na asali za su fara ƙorafi, mu muka sha rana yanzu an kawo baƙi an ɗora mana. Suna da gaskiyarsu. Sai an zauna da su tun kafin baƙin su iso an faɗa musu dalili ƙarara, kuma kar a ƙwace aikin kowa a ba wani, a ƙara aiki ne, rumfuna suna da yawa.

Na tambayi ƙanena a wayar nan, mutum nawa ka sani da suna cikin masu yi wa wanda ya janye aiki a mazaɓarku? Ya ƙirga ya kai bakwai, ɗaya ma ajinsu ɗaya a sakandare, rabon da su gaisa tun da aka fara liƙa fosta. Nace ya fara da shi, ya je har gida bayan la'asar, ba da hular jam'iyya ba, ba tare da mai ɗaukar hoto ba, kuma kar ya kai maganar ƙuri'a a zuwan farko. Yace zai je ranar Juma'a, ina jiran kiransa.

Ku gaida min iyaye da kowa da kowa, a saka mu a addu'a.

Naku, ɗan uwanku a Minneapolis.